Shekarar da Na Ɗinka wa Babanku Taurari

Abba da Hafsa, wannan babin naku ne ku biyu, domin shekarar da zan ba da labarinta ba ku gida. Kai Abba kana can kudu wajen bautar ƙasa, ke kuma Hafsa kina ɗakin mijinki a Zariya da cikin fari. Abin da kuka sani game da ita a waya kuka ji shi, kuma ba kowace magana ake faɗi a waya ba. Akwai abin da kuka riƙe tun daga lokacin wanda ba haka yake ba. Na gwada gyara shi da baki ban samu sa'a ba, shi ya sa na zauna na rubuta tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Ciwon idon babanku daga gefe ya fara. Sai ya zo shiga ɗaki ya bugi ƙofa da kafaɗa, ko ya ture buta yana kallon gabanshi, ya ce wa ya aje ta a hanya, alhali nan take zama tun da muka tare a gidan nan na Dutsin-Ma. Ranar da babur ya kusa kwashe shi a titin kasuwa, bai ga zuwanshi ba sai da ya ji mutane suna salati, ran nan ya yarda muka tafi Kano. Likitan ya daɗe yana haska mashi 'yar fitila, sannan ya ce ruwan cikin ido ne ya yi yawa yana danne jijiya, kuma ya yi shekaru yana cin ta a ɓoye. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa sai dai ya rage wa ciwon gudu. A mota muna dawowa, mun wuce Kankiya, Malam, wato babanku, ya juyo wajena. Ina tsammanin zai yi maganar aikin koyarwarshi a jami'a, ko maganar ku. Sai na ji ya ce:

"Rabi, bana fa hotunan za su iso."

Kun taso kuna jin zancen hotunan nan, amma ban tabbata kun san mene ne ba, don ni kaina sai a shekarar na sani. Babanku ya ƙare rayuwarshi a kan abin da shi da abokan aikinshi ke kira galaksi, a gida kuma yake ce mashi garken taurari. Yakan ce taurari ba a warwatse suke ba, garke-garke suke, mu da ranarmu muna cikin wani, akwai kuma wasu can nesa da babu mai iya ƙirga su. A cikinsu akwai guda ɗaya da ya ɗauki hankalinshi tun yana saurayi, saboda wani tsohon hoto mai duhu-duhu da ya taɓa gani. Ya yi ta jiran a samu na'urar da za ta ɗauko shi fes. Da aka samu, a Afirka ta Kudu take, wasu manyan farantai irin na kallon talabijin da aka jera a fili suna sauraron sama. Shi bai samu zuwa ba, amma ɗalibinshi ya samu, Nasiru, ɗan Karofi, wanda kuka sani tun yana zuwa gidan nan da tsohon babur ɗin yayanshi. Shi zai kawo hotunan. Suka iso a tsakiyar bazara, lokacin da abin da ya rage wa Malam na gani bai wuce wanda mutum zai hango ta cikin ramin kara ba.

A bazarar ce kuma aka kawo mana Inna, kakarku, daga Tamawa. Mutanen daji sun matsa wa gefen nan, an daina kwana a gidajen gona, aka ce wa tsofaffi su shigo gari. Ƙanin babanku ya ɗauko ta a babur da ƙullin kayanta, awakinta aka raba wa maƙwabta. Ba ta taɓa zama inda ba ta jin kukan dabba ba. Sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida ta yi ta kallon bango, duk wanda ya shigo ta tambaye shi ko an ce za a yi shuka bana. Da ta lura ɗanta yana laluben ƙofa, ba ta yi kuka a gabanmu ba, faɗa ta kama.

"Ni dai na sha faɗi maka," in ji ta. "Mi kake nema a sama wanda babu shi ƙasa? Mutum shina leƙen abin da Allah ya ɓoye, ya ce idonshi zai zauna lafiya?"

"Inna, Allah bai hana a duba aikinSa ba," in ji Malam. "Kuma likita ya ce ciwon gado ne. Ki tuna Baffa ma da sanda ya ƙare."

"Baffanka gona ya kalla har ya mutu."

"To kin gani, shi ma bai tsira ba."

Ta juya mashi baya. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Da safe Nasiru yakan zo ya buɗe kwamfuta a ɗakin Malam, ya ƙara wa hoton girma har ya cika gilashin. Malam ya matso da fuskarshi kamar zai shige ciki, yana karkata kai yana neman inda ɗan ganin ya rage. Yana ganin ɗigo ɗaya, amma ba ya ganin yadda ɗigon ya haɗu da na kusa da shi. Nasiru ya yi ta bayani da baki, nan ya karkata dama, nan ya miƙe, har muryarshi ta dushe. Wata rana na shiga da koko na tarar Malam ya ture kujera baya ya rufe fuska da tafin hannu, Nasiru ya sunkuyar da kai. Na leƙa gilashin. Wani abu ne kamar faifai mai hannuwa biyu da suka naɗe, da ɗan ƙaramin dunƙule a gefe, an kuma zuba mashi ƙananan layuka birjik kamar an watsa tsinken ashana. Ni ɗinki ne sana'ata, shagona yana bakin kasuwa tun kafin a haifi Hafsa, kuma surfani na fi suna da shi. Abin da idona ya gani shi ne zanen da za a iya bi da zare. Na ce wa Nasiru ya bugo mani shi a takarda mai faɗi.

Kafin in sa allura sai da na ce a gaya mani abin da nake ɗinkawa, don ban iya bin zanen da ban gane ba. Malam ya aika aka samo garin ƙarfe a wurin mai walda, aka ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo. Ya sa na barbaɗa garin a kan kwali, na sa mayen a ƙarƙashi, na ƙwanƙwasa. Shi ba ya gani, amma shi ke gaya mani abin da zan gani, kuma haka aka yi, garin ya tashi ya jera kanshi layi-layi.

"Abu biyu ne ke ba garke siffarshi," in ji shi. "Na farko nauyi. Duk abin da ke da nauyi yana jan ɗan'uwanshi, kamar yadda ƙasa ke jan mangwaro in ya tsinke. Shi ya tara iska da ƙura da taurari wuri guda. Da yake abin juyawa yake, sai ya baje kamar faifai, ya fitar da hannuwan nan da kika gani."

"Na biyun fa?"

"Na biyun irin wannan ne da ke hannunki, sai dai nashi ba shi da ƙarfi, ko allurarki ba zai ɗaga ba. Amma ya game ko'ina. Taurari ba ruwansu da shi. Iskar nan mai zafi da taurari ke samuwa daga cikinta, ita ke jin shi. Wani wuri ya tare ta ya hana ta dunƙulewa, sai haihuwar taurari ta yi jinkiri. Wani wuri ya bi da ita, kamar yadda kunya ke bi da ruwan sama a gona. Layukan nan kowane yana nuna inda ya sa gaba a wurin. Kada ki gyara ko ɗaya don ya yi kyau. Yadda ya kwanta, haka za ki kwantar da shi."

Sannan ya gaya mani abin da yake nema. Ɗan dunƙulen nan na gefe wani ƙaramin garke ne da ya wuce kusa da babban, nauyinshi ya ja hannu ɗaya ya miƙar da shi. Ko'ina a jikin garken layukan suna bin kwanciyar hannu, amma a tsohon hoton, a wannan hannun da aka ja, kamar sun gitta. Malam ya ɗauka cewa nauyi ya ja taurari da iska, amma mayen ƙarfen bai riga ya bi ba, yana nan yadda yake kafin maƙwabcin ya zo. In haka ne, to mutum zai iya duba shi ya san siffar garken ta dā. Wannan tunanin ya riƙe tun kafin ya aure ni.

Aikin ba na yamma bayan an tashi daga shago ba ne. Layukan sun yi yawa, kowane sai na ɗora takarda a kan yadi na huda bakinshi biyu da allura, sannan na bi da zare mai kauri yadda yatsa zai ji. Hasken rana kawai nake iya yi da shi. Ga Malam ya kai inda ba a barin shi shi kaɗai, ga Inna. Azumi kuma ya matso, lokacin da tela ke samun abin da zai riƙe shi shekara. Na kwana biyu ina juya abin a raina, sannan na je shago na kira masu kaya ɗaya bayan ɗaya na mayar masu da yadudukansu. Wasu sun ce Allah ya ba shi lafiya, wasu suka karɓa suka juya. Yayata Hajara ta taso tun daga Kurfi da ta ji labari, ko mayafi ba ta cire ba ta ja ni madafa.

"Rabi, kanki ɗaya kuwa? Ana shirin sallah ki rufe shago?"

"Yaya, na ɗan lokaci ne."

"Babu ɗan lokaci a sana'a. Wadda ta kai kayanta wani wuri aka yi mata da kyau, ba ta dawowa. Idonshi ya tafi, Allah ne ya kawo. Ke kuma da hannunki za ki rufe ƙofar da za ta ciyar da ku in ya aje aiki? Don ki ɗinka mashi abin da ko sawa ba za a yi ba?"

Gaskiya ta faɗa. Abin da na sani kawai shi ne na ga mutumin da na zauna da shi tun ina budurwa ya rufe fuska da hannu a gaban ɗalibinshi, kuma ina da abin da zan iya yi a kai. Na ce mata na riga na yanke. Ta tafi ba ta ci abincin da na zuba mata ba.

Haka na wuce azumi da sallah a bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi, wuyana a sunkuye. Hannuwan garken na yi su da igiyar zare da na murɗa, tsakiyarshi na sa babban maɓalli, maƙwabcin ƙaramin maɓalli. Inna tana daga gindin darbejiya tana kallona, wani lokaci ta ce ita dai ba ta taɓa ganin matar da ke taya miji hauka ba, wani lokaci kuma in na tashi salla in dawo in tarar ta warware mani zaren da ya harɗe. Damina ta sauka, labarin da ke zuwa daga Tamawa ba daɗi, gonarsu ciyawa ta cinye. Ranar da na gama an yi ruwa da hantsi. Na shimfiɗa yadin a kan tebur na ɗora hannun Malam a kan babban maɓallin. Ya bi hannu na farko a hankali, yatsunshi suna tafiya a kan ƙananan ɗinkin kamar mai jan carbi. Ya koma na biyu. Da ya kai wajen da aka ja, ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi. Sai ya kira Nasiru da ke tsaye daga gefe.

"Nasiru, zo ka sa hannunka nan. Sun gitta. Wallahi sun gitta. Rabi, ba ki gyara komai ba ko?"

"Yadda yake a takarda haka yake a nan."

Ya yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarshi tun kafin mu je Kano. A ranar ne, Abba, ya kira ka. Ina tsaye na ji yana ce maka ya samo abin da ya yi shekaru yana nema, za a rubuta shi duniya ta karanta, kuma ko bayan ranshi in an ambaci garken nan za a ambaci sunan gidanmu. Na ji ihunka ta cikin wayar. Nasiru kaɗai ne bai yi murna sosai ba. Ya ce akwai sauran awo da ba a gama ba, za a sake sauraron garken ta wasu hanyoyi don a tabbatar. Malam ya ce ai dole, a yi duk abin da ya kamata. Nasiru ya koma Afirka ta Kudu, mu kuma muka ci gaba da zama da yadin a kan tebur. Malam yakan wuni a kanshi yana faɗa mani abin da zan rubuta, ina rubutawa ba tare da na gane rabinshi ba. A watannin nan ɗan ganin da ya rage ya ida tafiya, amma kamar bai damu ba.

Nasiru ya dawo da kaka, ana yankan gero. Na ji tsayuwar babur bayan la'asar, na jira sallama shiru. Da na leƙa zaure na same shi zaune a kan dakali da takarda a naɗe a hannu, ya rame. Na ce ya shigo mana. Ya ce to, Mama, amma bai tashi nan da nan ba. Da ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna, ya gaida Malam, aka yi ta gaisuwa har ta ƙare babu abin da ya rage sai maganar.

"Malam, an gama awon."

"Ina jin ka."

"Tsakaninmu da garken akwai wani gajimaren iska. Ba nashi ba ne, a cikin namu garken yake, ya dai faɗo daidai kan wannan hannun. Yana da nashi mayen ƙarfen. Saƙon da ke tahowa in ya ratsa ta cikinshi sai ya murɗe. Da muka saurara ta hanyoyi daban-daban, murɗewar tana canjawa daidai yadda lissafi ya ce za ta canja. Da muka cire ta..."



"Ƙarasa," in ji Malam.

"Layukan sun kwanta a kan hannun, kamar sauran. Ba su gitta ba, Malam. Na sake lissafin ban san iyaka ba ina fatan ni ne na yi kuskure."

Malam ya janye hannunshi daga kan yadin. Can ya ce a ba ni takardar, ba zai ce komai ba sai ya ji da hannunshi. Wannan karon hannu ɗayan kawai na ɗinka, a wani ƙyalle daban. Ban taɓa yin aikin da na ƙi jini kamar shi ba, don tun ina hudawa na ga yadda layukan ke kwanciya, kuma na tuna an ce kada in gyara ko ɗaya. Nasiru yana zuwa kullum ya zauna a zaure ya tafi. Ranar da na gama na kira shi ya shigo. Malam ya bi ƙyallen daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya tak, ya ninke shi ya ɗora a cinya.

"Ka yi daidai," in ji shi. "Ni ne ban yi ba."

Nasiru ya fara kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce gajimaren ma abin rubutawa ne, ba a san da shi a wurin ba, manyan can sun ce zai taimaka wajen gane yadda mayen ƙarfen namu garken yake kwance. Ya ce sunan Malam zai sa a farko, don ba don shi ba babu wanda zai duba wurin.

"Ba za ka sa ba," in ji Malam. "Abin da na ce yana nan, ba ya nan. Wanda ke nan kuma ban taɓa kawo shi a raina ba, kai ka gano shi. In ka sa sunana, duk wanda ya san mu zai san tausayin makaho ka ji. Ka gode mani a ƙasa in kana so, kamar yadda ake yi. Ban yafe ba in ka wuce haka."

Inna tana bakin ƙofa, ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta dubi Nasiru ta ce:

"Kai yaro, ka tabbata da abin da ka faɗi?"

"Na tabbata, Inna."

"To ka kyauta da ka zo da ƙafarka ba ka aiko ba."

Ta shiga ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar ɗanta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta dafa gwiwarshi. Ba ta ce ai na faɗi maka ba. Ta ce mani in kawo mashi fura.

Bayan Nasiru ya fita Malam ya ce kada in gaya maku, shi zai gaya wa Abba da bakinshi. Na sha ganin ya ɗauki waya ya sa na danna mashi lambar, ku gaisa, ya tambayi aiki da abinci, ya aje. Da ka tambaye shi labarin rubutun sai ya ce ana nan ana yi. Ba ƙarya ya yi niyya ba, bakin ne ya yi mashi nauyi, don ya ji yadda ka yi murna. Ya kuma roƙi Nasiru alfarmar kada ya ɗaga maganar da kowa a gida, Nasiru ya ce ya ji. Daga nan Malam ya aje aiki. Ya daina zancen sama gaba ɗaya, in rediyo ta kawo labarin wata ko tauraro sai ya ce a canja tasha. Inna ta rasu kafin wata daminar ba ta sake ganin Tamawa ba. Ni kuma da na koma bakin kasuwa na tarar mai shagon ya ba wani mai cajin waya, bai yi laifi ba, ya jira iya jiranshi. Na dawo da keken ɗinkin gida, amma maganar Yaya Hajara ta tabbata, sai ɗan gyaran tsofaffin kaya ake kawo mani, wuyana kuma bai sake barin na yi dogon surfani ba. Kuna tambayata ko na yi nadama. Akwai ranakun da nake yi, musamman in sallah ta matso na ji ƙarar kekunan mutane. Amma na ji dariyar nan ta ranar ruwa, kuma ba don yadin ba da har ya mutu yana zargin an yi mashi wayo ne saboda ba ya gani.

Duk Juma'ar da Nasiru yake gari, shi ke riƙe hannun babanku zuwa masallaci ya dawo da shi. Ba sa maganar aiki. Sai a ciwonshi na ƙarshe, yana kwance, na ji ya ce:

"Nasiru, gajimaren nan naka, nisanshi da mu kamar yaya?"

Nasiru ya gaya mashi. Malam ya ce ashe ma a ƙofar gida yake. Ya yi ta jera tambayoyi, ina ya sa gaba, me ya murɗa shi haka, har numfashi ya gaza mashi. Ya ce Juma'a mai zuwa za su ƙarasa. Bai kai ba.

Sauran kun sani. Kai Abba ka nemo rubutun ka ga sunan Nasiru a sama, na babanka a ƙasa cikin waɗanda aka gode mawa, ka haɗa da abin da ya gaya maka a waya, ka yanke hukunci. Hafsa ta bi bayanka. Ranar zaman makoki ina leƙe ta tagar zaure lokacin da Nasiru ya miƙo maka hannu a gaban mutane ka kau da kai. Ya ɗan tsaya da hannun a miƙe, sannan ya mayar da shi ƙirjinshi, ya je can bakin tabarma ya zauna har aka shafa addu'a. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kanshi, amma kalmar ita ce malaminshi ya yi kuskure, kuma ya riga ya ce ya ji. Bayan arba'in na gaya maka gaskiya, ka ce ni dai ba na son tashin hankali ne shi ya sa nake rufa mashi asiri. To yanzu ga ta a rubuce, da hankalina, ba wanda ya sa ni.

Tun daga rasuwar bai sake taka cikin gidan nan ba. Amma duk kaka yakan zo da wake daga gonarsu ta Karofi, ya sauke a zaure, ya aiko a gaishe ni, ya tafi kafin in fito. Bana na aika mashi cewa in ya kawo ya shigo ya ci abinci. Ina so ya tarar da ku a gida.